Alamar kabarin Inna

Da sassafe na leƙa makabarta saboda ruwan da aka kwana ana tafkawa. Duk damina haka nake, hankalina ba ya kwanciya sai na je na ga ko wani wuri ya rufta. Yau na fi minti 20 ina zagaye ban gane kabarin Inna ba. Reshen da muka kafa ranar jana'iza babu shi, ciyawa ta rufe ko'ina, sababbin kaburbura sun cika layin. Sai da tsohon nan mai haƙa ya zo ya nuna min, shi ma da "ina jin wannan ne". Na yi addu'a, amma zuciyata ba ta natsu ba.

Ban wuce kasuwa ba, na tsaya wurin mai walda na bakin titi. Yana da 'yan allunan ƙarfe a jingine, an shafa musu baƙin fenti, saura rubutu. Ya ce in dai zan kafa, in zuba siminti a gindin, don masu tsintar ƙarfe suna tuge su da dare. Na zaɓi ƙarami. Sai ya ɗauko alli.

"Alhaji, wane suna za a rubuta?"

Na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Tunda nake ban taɓa furta sunan Inna ba. Ko 'yata da ta ci sunanta, Ummi muke kiranta, har malaman makarantarsu. Ya sake tambaya, a zatonsa ban ji ba saboda ƙarar janareta. Na karɓi biro na rubuta masa a bayan wani rasit. Shi kuwa ya karanta da ƙarfi don ya tabbatar, sunanta da na mahaifinta, a gaban yaran shagon. Bai yi laifi ba, aikinsa ne. Amma na ji kamar an yaye mata mayafi a bainar jama'a. Na karɓe takardar, na ce ya dakata zan dawo.

Shago yau ba ciniki. Abincin rana ma ban taɓa ba.

Bayan Magariba na kai wa Kawu maganar. Ya ce malamanmu na Malikiyya sun karhanta rubutu a kan kabari, kuma hadisin Jabir ya hana shafe shi da farar ƙasa ko yin gini a kansa. Amma alama ba laifi. Ya tuna min da Usman bin Maz'un, na farkon Muhajirai da aka binne a Baƙi'a. Annabi (SAW) ya sa wani ya ɗauko dutse, mutumin ya kasa ɗagawa, sai ya naɗe hannun rigarsa ya ɗauko da kansa, ya ajiye ta wajen kai, domin ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma binne iyalansa kusa da shi.

"Dutse ba a sace shi, ɗana," in ji Kawu, "kuma ba wanda zai karanta."

Yaya ya fi son allo, don jikoki su gane wurin bayan ba mu. Ban ce ya yi kuskure ba. Mun dai ajiye magana gobe bayan Asuba za mu je, zan nemi dutse mai ɗan ja wanda zan shaida daga nesa. Abin da ke cin raina yanzu shi ne "ina jin" ɗin tsohon nan. Kafin mu ajiye komai sai Yaya ya duba da idonsa, shi ne ya shiga ramin ranar.

Rasit ɗin yana nan a aljihun rigata.