Yaro Ya Faɗa Sau Ɗaya Ya Isa

A aikinmu na tsaya wa yaran da aka ci zarafinsu ta hanyar lalata a Nima da Mamobi, unguwannin birnin Accra, abin da na fi jaddada wa sabon ma'aikaci shi ne ya ƙirga bakuna nawa suka riga suka tambayi yaron kafin ya iso gare mu. Uwa ta tambaya, kaka ta tambaya, malamin makaranta, maƙwabciya, ɗan sandan da ke karɓar ƙara. Yarinya 'yar shekara bakwai da aka yi wa tambaya sau shida za ta fara faɗin abin da ta ga manya suna so su ji, ko ta yi gum. A kotu kuwa, saɓanin da ke cikin bayananta ne lauyan wanda ake tuhuma zai kama.

Wannan matsalar ce ta sa wani mai gabatar da ƙara, Bud Cramer, ya kafa cibiyar farko ta irin wannan aiki a Huntsville, jihar Alabama ta Amurka, a 1985: ɗan sanda mai bincike, likita, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, mai kwantar da hankali da mai gabatar da ƙara su haɗu, mutum ɗaya ya zauna da yaron. A nan Ghana, 'yan sanda sun buɗe sashen mata da yara, WAJU, a 1998, shekarar da aka yi Dokar Yara mai lamba 560. A 2005 ya koma DOVVSU, sashen kula da cin zarafi a gida da tallafa wa waɗanda aka cutar, kuma can muke fara kai rahoto.

Ranar farko gaggawa ce zalla. Kada a yi wa yaro wanka, kada a wanke tufafinsa. Na san yana da wuya a ce wa uwa, "Hajiya, ki yi haƙuri, bar ta haka tukuna," alhali zuciyarta ba ta son komai sai ta wanke 'yarta. Amma ruwa yana tafiya da shaida. Tufafin a sa su a ambulan na takarda, ba leda ba, don leda tana riƙe danshi har funfuna ta ɓata su. A karɓi fom ɗin likita daga 'yan sanda a wuce asibiti. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma ba ya wuce kwana biyar. Dokar cin zarafi a gida ta 2007 ta tanadi magani kyauta ga wanda aka cutar, duk da haka kuɗin cike fom kan tsayar da iyali, shi ya sa muke ajiye ɗan kuɗi a ofis don wannan kaɗai. A taho da takardar haihuwa, ko katin awo idan babu, domin shekaru ne ƙashin bayan tuhumar: ƙasa da 16, babu zancen "ta yarda", kuma hukuncin ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne. Yara maza ma dokar ta haɗa da su.

Zaman tambaya shi ne inda na fi ganin ɓarna. Ɗaki shiru, ba kayan sarki, ba dangi. Ka fara da hirar makaranta da wasa, sannan, "Faɗa mini abin da ya faru," sannan, "Sai me?" Kada ka ce, "Kawu ne ya taɓa ki?" Ka sa mata suna a baki ke nan. Kada ka ce, "Don me ba ki yi ihu ba?" Yaro zai ji laifin nasa ne. Kada ka yi alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba, ƙarya ce, kuma zai gano. Idan ta ce "ya yi wasa da ni", rubuta haka, sannan ka tambayi wane irin wasa.

Tafinta kuma a yi hattara. Yaron zongo yana magana da Hausa, jami'in yana jin Twi ko Turanci, sai a jawo wani ɗan uwa ya fassara. Kunya za ta sa ya tausasa kalmomi, wani lokacin ma shi ne ke son a rufe maganar. Mu muke kawo namu tafintan.

Daga nan sai tawagar roƙo. Dattawa za su zo gida bayan isha'i, a ce a rufa asiri, wa zai aure ta gobe, ga kuɗin magani. Ba na raina dattawa, amma fyaɗe babban laifi ne da doka ba ta yarda a sasanta shi a zaure ba, kuma wanda aka rufa wa asiri yana nan cikin gidan haya ɗaya da sauran yara. Abin da ya yi mana amfani shi ne zuwa wurin liman da sarkin unguwa tun babu wata ƙara a ƙasa, mu bayyana musu dokar, don ranar da aka je neman su shiga tsakani su ce ba huruminsu ba ne.

Maganin kariya daga ƙanjamau na kwana 28 ne, yana sa tashin zuciya, yara da yawa kan bari a makon farko. Don haka mutum ɗaya muke ɗora wa iyali: ya kira su duk bayan kwana biyu, ya tuna musu gwajin ƙanjamau da za a maimaita, ya kai yaron ya ga ɗakin kotu kafin ranar zama, kuma ya riƙe kuɗin motar uwa a duk lokacin da aka ɗage shari'a.