Masu kallo daban, masu kawo ɗinki daban

Kusan duk telan da ke unguwar Nima ko Maamobi a Accra yanzu yana da shafi a Facebook ko TikTok, har da yaran shago da ba su gama koyon saka aljihu ba. Abin da sana'ar ta koya mini shi ne yawan masu kallo ba ya cika shago. Bidiyonka zai iya yawo har Kano da Yamai, a yi ta zuba maka "Masha Allah", amma ba wanda zai ɗauko shaddarsa daga can ya kawo Accra. Mai kawo aiki shi ne wanda zai hau trotro, wato motar haya, daga Madina ko Kasoa ya zo a auna shi, ko ɗan Zango, wato unguwannin Hausawa na Gana, da ke zaune a Bronx ko Hamburg, wanda zai turo kuɗi ƙaninsa ya zo ya karɓi kaya.

Shi ya sa na ɗauki TikTok da Instagram tamkar zaure: nan ake sallama, amma maganar ciniki sai an shigo WhatsApp. Kuma WhatsApp yana da ƙa'idar da teloli da yawa ba su lura da ita ba. Abin da ka ɗora a status awa 24 yake yi, kuma ba mai ganinsa sai wanda kake da lambarsa shi ma yake da taka. Haka saƙon da ake turawa mutane da yawa lokaci guda: mutum 256 jeri ɗaya ke ɗauka, wanda bai ajiye lambarka ba kuwa saƙon ba zai kai gare shi ba. Ke nan kana iya tara lambobi cike da waya kana ta magana kai kaɗai. Don haka da na gama awo nakan ce, "Alhaji, kawo wayar in sa maka lambata." Nakan rubuta sunana haɗe da "Tela Nima", domin ranar da zai neme ni ya manta sunana, amma bai manta tela yake nema ba.

Sai abin da ake nunawa. Kowa na ɗora kaftani a jikin gunki, an goge an tsayar. Ni abin da na ga yana jawo tambaya shi ne in juya rigar, in kawo waya dab da ita, a ga yadda aka kashe bakin ɗinki, a ga zanen yadi ya haɗu daidai a bakin aljihu, a ga ramin maɓalli ba zare ko ɗaya da ya fito. Wanda ya taɓa ba da gezna mai tsada aka lalata masa ya san abin da yake dubawa. Maigidana da ya koya mini aiki ya taɓa leƙowa ina ɗauka, ya ce, "Kai yaro, wa zai kalli cikin riga?" Na ce, "Masta, ai kai ka saba juya mana ita kafin ka yarda mun gama." Ya yi dariya ya koma kan kekensa.

Hoto kuma da safe nake ɗauka, a bakin shago, cikin inuwa. Hasken ƙwan lantarki yana sauya launin shadda, ruwan toka ya koma kamar shuɗi, mutum ya zo karɓa ya ce ba shi ya gani ba. Ba na ɗora fuskar kowa sai na tambaya, musamman kayan biki. Akwai gidajen da ba sa so, kuma suna da gaskiya.

Masu kwaso hoton aikin telolin Senegal su ce nasu ne, ban san yadda suke ƙarewa da kwastoma ba ranar karɓar kaya. Zango ƙarami ne, magana ɗaya a wajen suna ta isa. Sayen mabiya kuwa asarar kuɗin data ce kawai.

Harshe ma na sha tunani a kansa. Da Hausa nake magana a bidiyo, don da ita nake sakewa, kuma dattawa da yawa sun fi son saƙon murya a kan rubutu. Amma farashi da kwatancen shago da Turanci nake rubutawa, saboda 'yan ƙabilun Ga da Asante da Ewe suna sa kaftani sosai, ba sai Musulmi ba. Kuma ina faɗin farashi a fili. "Zo inbox" yana korar mai jin nauyin tambaya, shi kuwa sau da yawa shi ne mai biya ba ja-in-ja.

Wani ƙaramin abu mai nauyi: sunan da ke fitowa idan za a tura maka MoMo, wato kuɗi ta waya. In shafinka na ɗauke da suna ɗaya, lambar kuɗin ta nuna wani, mutum zai dakata, don 'yan damfara sun sa kowa ya yi hattara. Tun farko nake gaya wa mai turowa sunan da zai gani.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, Gana da maƙwabtanta suka shiga wahalar sadarwa na kwanaki. A farkon azumi ne, daidai lokacin da ake karɓar ɗinkin sallah. Telolin da duk hulɗarsu ke cikin Instagram suka zauna suna latsa waya ba abin da ke buɗewa. Masu littafin awo kuwa suka buɗe shi suna kira kai tsaye, "Baba, bana ba mu ga yadinka ba, ko mu aiko yaro?" Duk wanda ya yi mini magana ta kowane shafi yanzu, kafin mu kai ga farashi sai na nemi lambarsa, na rubuta da biro a littafin, gefen awon kafaɗa da tsawon hannu.