Kira biyar da ba a ɗaga ba

Jibi zan miƙa makullin ɗakin masu aikin dare, in bar sashen tiyatar yara bayan shekara uku. An ce in bar wa na baya 'yar shawara. To, bismillah.

Cikin hunturu ne, sanyin Jos har ƙashi, aka kawo jariri ɗan kwana uku daga wajen Mangu, ciki ya kumbura tim. An haife shi ba dubura, abin da akan samu sau ɗaya a haihuwa kusan 5,000, kuma ba wanda ya lura sai kakarsa wajen wanka. Na kira Oga, babban likitan sashenmu, sau biyar, shiru. Na shiga na yi masa kolostomi, na fitar da hanji ta ciki don bayan gida ya samu hanya. Yaro ya rayu, na wayi gari ina jin kaina.

Bayan wata biyar, ana shirin babban aikin, wato tsagar baya don yi masa dubura, irin ta likita Alberto Peña da aka sani tun 1982, aka ɗura rini a hanjin aka ɗauki hoto. Nan asirina ya tonu. Ashe can ƙasa na yanke hanjin, maimakon farkon sigmoyid, wato lanƙwasar da ke kusa da ƙarshen babban hanji, ragowar kuwa ba za ta kai mazauninta ba. Tiyata uku ta koma huɗu. Uban, wanda ya riga ya sayar da dankalinsa na bana, ya tare ni a baranda: "Likita, daga wannan shi ke nan ko?" Na rasa bakin magana.

A taron bitar mako Oga ya haska hoton a bango, ya ce, "Wane mahauci ne ya yi wannan?" Aka yi dariya. Hannuna ne ya yi, ban musa ba. Amma har aka tashi ba wanda ya tambayi inda yake a daren.

Sauran kun sani. In an kawo jariri ba dubura, ku duba zuciya da ƙoda, ku zura bututu ku tabbatar maƙoshi ya haɗu da ciki. 'Ya mace takan zo a makare, tunda kashi na fita ta gaba. Ƙarfen buɗa dubura kuwa, uwa za ku zaunar ku koya wa, da Hausa, har ta yi da hannunta a gabanku.

Yaron yana gudu yanzu. Hoton kiran nan biyar yana wayata, ban goge ba.