Kwabon da ya fito da kuskure daga masana'anta

Ina da ƙaramin shago a Sabon Garin Zariya, inda nake saye da sayar da tsofaffin silalla, tun daga anini da ɗari da kwabo mai huji na zamanin Turawa, har zuwa kwabban da suka zo tare da naira a 1973. Abin da ya fi cin lokacina shi ne rarrabe kuskuren da ya auku a masana'antar buga kuɗi da lahanin da kwabo ya samu bayan ya shiga hannun jama'a, domin na farkon yana ƙara masa daraja, na biyun kuwa zubar da ita yake yi.

Ana buga kwabo ne ta hanyar matse fallen ƙarfe tsakanin hatimai biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Idan fallen bai zauna daidai ba, sai zanen ya karkace ya bar wani gefe fayau. Idan kuma hatimin kansa aka sassaƙa da ninki, sai haruffa su fito biyu-biyu, kamar yadda ya faru da kwabon Amurka na 1955. Wani lokaci akan haɗa hatimai biyu waɗanda ba na juna ba, kuma haka aka yi a Birtaniya a 2008, inda wasu silalla na pence ashirin suka fito babu shekara a jikinsu.

A wajenmu rigimar duk tana kan huji. Kwabban Afirka ta Yamma na Turawa da hujinsu aka yi su, saboda haka wanda hujinsa ya kauce daga tsakiya, ko wanda ya fito ba a huda shi ba sam, abin nema ne. Amma fa iyayenmu mata sun daɗe suna kai silalla wurin maƙera a huda musu domin ado, kuma hujin maƙeri ba ya ɓuya a ƙarƙashin gilashin ƙara girma: bakinsa yakan yi kaushi, ƙarfen gefensa ya tasa, ya kuma ci wani ɓangare na rubutu. Bayan gilashi nakan ɗora kwabon a sikelin masu sayar da gwal in gwada nauyinsa da na ɗan'uwansa lafiyayye, sannan in nemi ƙaramin harafin masana'anta, H ko KN, waɗanda duka na Birmingham ne.

Kwanaki wani dattijo ya zo daga cikin birni da kwabon 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas ƙunshe a ƙyalle, an gaya masa kuɗinsa zai sayi gida tunda sarkin bai cika shekara a kan gado ba. Na ce, “Baba, ku yi haƙuri, wannan an buga shi da yawa ƙwarai, kuma babu kuskure a jikinsa.” Ya ce, “To ɗana, ai gara da ka faɗa mini gaskiya.” Irin wannan bayani nake yi wa masu kawo azurfar Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wadda ake ci gaba da bugawa da shekarar 1780 tun bayan rasuwar sarauniyar.

Farashi kuwa ba tsufa ne ke yanke shi ba. Ina duba ƙarancin irin kuskuren, da yadda ido ke ganinsa ba tare da gilashi ba, da lafiyar kwabon, sannan in duba nawa aka sayar da irinsa a gwanjon ƙasashen waje, ba nawa wani ya yi masa kuɗi a intanet ba. Masu saye a Zariya kaɗan ne, yawanci malamai daga Samaru, don haka kaya mai kyau yakan yi watanni a akwati kafin ya samu mai shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanki. Mutum zai samu kwabo mai kuskure na gaske, ya dirje shi da toka da lemun tsami don ya yi ƙyalli, ya kankare dauɗar shekarun da masu tarawa ke biya dominta. Irin wannan ko na saya, da ƙyar nake mayar da uwar kuɗina.