Kwance buhun tun kana tasha

Ran Juma'ar da ta wuce ina tsaye a tasha nan Maraɗi, sai na hangi ɗan ƙanena ya zo karɓar saƙon kalli, wato ragar kamun kifi, da ƙugiyoyin mamari da ya yi oda daga Kano. Buhun ya jiƙe ta gefe guda, ɗaurin bakinsa kuma ba irin na mai shago ba ne, an kwance an sake ɗaurewa. Yaron nan idonsa na kan waya, hannunsa na neman biro zai sa hannu a littafi. Na riƙe masa hannu. Ya ce, "Baba, sauri nake, mai kabu-kabu na jirana." Na ce ya jira.

A 2019 ni ma haka na yi, shekarar da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta. Damina ta yi kyau, tabkin Madarumfa ya cika, kowa na shirin tarwaɗa da karfasa. Na sayar da raguna biyu na aika a sawo mini kalli sabo, da darma, da igiya. Lokacin kaya ba sa bin titin Katsina, Jibiya, Ɗan Isa kai tsaye kamar da. Sai an sauke nan, a ɗora a babur, a bi ta daji, a sake ɗorawa a mota. Da buhun ya iso, murna ta hana ni tunani. Na ji wani wari mai kaifi, na ga tabo fari-fari a gindin buhun, na ce ƙurar hanya ce. Na sa hannu, na ba karen mota na goro, na tafi.

Sai da na kai bakin ruwa na warware. A ido lafiya lau. Ina jan zaren da ɗan yatsa sai ya rabu kamar dafaffiyar taliya. Ashe batiran sola aka jibga a kan buhun, ruwan batir ya tsiyaye ya ratsa ciki, kuma wannan ruwa cin zaren roba yake. Ninki bayan ninki, wuri ɗaya ya ci, ga ramuka jere har ƙarshen kallin. Ƙugiyoyin kuwa sun yi tsatsa cikin kwalinsu.

Har gobe ina cewa ba laifina ba ne duka. A wancan lokaci wa ke tambayar rasi? Kayanka su iso ma ka gode Allah. Kuma direban mutumin unguwarmu ne, tare muke sallar asuba, in ce masa kwance in gani, kamar na ce masa ɓarawo? Kunya ta hana ni. To amma kunyar nan ina ta tafi da na koma tasha ina zaginsa gaban 'yan kamasho? Na ambaci iyayensa. Wannan kam babu uzuri, ko da yake duk wanda aka narka masa raguna biyu a buhu zai san abin da na ji. 'Yan sandika, wato ƙungiyar direbobi, suka zaunar da mu, tambaya biyu suka yi mini: ka buɗe a gabansa? Na ce a'a. Ka sa hannu? Na ce e. Na wuce kwamisariya, nan ma tambayar ke nan. Na je wurin malam, ya ce wanda aka ba amana ba ya biya sai an tabbatar da sakacinsa, kuma mai ƙara shi ke kawo shaida. Shaidata ita ce buhun, na riga na yar da shi. Kakar nan da kallin aro na yi ta, ana raba kamun da ni. Direban kuma muka daina gaisawa har ya bar unguwar.

Na so in rubuta muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu ba ku karanta abu mai tsawo. Kwance buhun a tasha, gaban direba da wani dattijo, kafin biro ya taɓa takarda. Kar ka tsaya kallo, ja zaren da hannu, shinshina, duba gindin buhu. Wayar nan da ta hana ku ɗaga kai ku gaida manya, ɗauki hoto da ita, kuma mai shago ya turo maka hoton kayan kafin ya ɗaure. In ka ga ɓarna, kar ka zagi kowa. Amma kar ka yi sanyi, kar ka yarda da "je ka dawo gobe", ka tsaya nan ko dare zai yi sai an rubuta a littafi, in ta kama a ji muryarka, a ji.

Kallin yaron ruwan sama ne kawai ya taɓa shi, amma kwalin ƙugiya ɗaya ya fashe, rabi sun zube a hanya. Direba ya rage masa kuɗin mota nan take, ba gardama. Yaron ko godiya bai yi mini ba, ya hau babur yana danna waya.