Ranar Talata a Bakin Tekun Elmina

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da kifin ƙanƙara a Kawo, amma ban taɓa ganin teku da idona ba sai makon jiya, da ɗaurin auren ɗan ƙanwar mahaifiyata ya kai ni Ghana. Daga Kaduna zuwa Legas barci na sha. A wata iyaka wani jami'i ya jefo min fasfona ƙasa don na ƙi ba shi na goro, na sunkuya na ɗauka, har yanzu abin na ci min rai.

Bayan biki, mai masaukina a zangon Cape Coast, wani dattijo da kakansa ya zo daga Kano fataucin goro, ya ce sai ya kai ni Elmina, wani garin masunta. Muka isa da hantsi. Kwale-kwale ga su nan birjik a gindin tsohon ginin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, kowanne da tutarsa, amma babu ko ɗaya a kan ruwa. Masunta na zaune a inuwa suna ɗinkin koma.

Na ce, "Baba, rasuwa aka yi?"

Ya yi murmushi ya ce, "A'a ɗana, yau Talata. Teku na hutawa."

Tun kaka da kakanni ba a fita su ranar Talata. A 2019 gwamnati ta ƙara da rufe tekun wata guda ga masu kwale-kwale don kifi ya samu ya hayayyafa. Wani masunci ya ce hutun bai dame shi ba, abin da ke ƙona masa rai manyan jirage ne da ke kwashe ƙananan kifi, su daskarar, su sayar a tsakiyar teku. Saiko suke kiran wannan haramtacciyar harka. Ya nuna min shawa, wadda da ita talaka ke miya, ya ce kullum raguwa take.

Nan Kogin Kaduna ya faɗo min a rai. Sau nawa na ga yara suna tace ruwa da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan tarwaɗa da ba su kai yatsa ba? Wasu ma guba suke zubawa. Kuma hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu: a Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Faɗa sai lokacin gasa, shi ya sa ake fito da giwan ruwa. Mu kogin namu ko Juma'a ba ya hutawa.

A Elmina kuwa kifin banda ya yi tsada, matan ba sa ragi, amma ba sa tsawa kamar wasu 'yan kasuwarmu. Baba ya hana ni biyan ko sisi, ya cika ni da dokunu, wato tuwon masararsu, da soyayyen kifi.

Dawowa ta Lome da Kwatano ce, ruwan sama har Legas. Jiya na buɗe shago, gobe in Allah ya kai mu zan je gaida Sarkin Ruwan unguwarmu.