Baƙar fumfunar da na kusa zubarwa

Farantan gwajina na farko, na rainon fumfuna, duk kunu suka zama. Na zuba asid cikin agar, abin da ke daskarewa a faranti don fumfuna ta tsiro a kai, sannan na dafa su tare a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ashe zafi da asid in suka haɗu lalata agar suke yi, ya ƙi daskarewa. Malamina ya leƙo ya yi murmushi: "Dafa su daban-daban, su huce zuwa wajen digiri 50, sannan ka gauraya."

Ruwan da nake bincike a kai daga wata tsohuwar mahaƙar ma'adinai aka ɗebo shi, jajir kamar an jiƙa tsatsa, pH ɗinsa (ma'aunin tsami, inda 7 ke tsaka-tsaki, ƙasa da haka kuwa tsami ne) wajen 2, irin na kogin Rio Tinto da ke Sifen. Dutsen fairait, mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta, shi ne sila: iska da ruwa na taɓa shi sai ya saki asid irin na ruwan batir, asid ɗin kuma ya narkar da ƙarfe da tagulla da tutiya.

Da na sa ruwan a sababbin faranti, cikin kwanaki kaɗan koriyar fumfuna, dangin Penicillium, ta mamaye wasu farantan. Sauran shiru. Na tattara su zan zubar, mantuwa ce ta cece su. A mako na uku sai ga ɗige-ɗige baƙaƙe ƙirin, masu tauri, sun yi kama da Acidomyces, dangin da aka samu a mahaƙar Iron Mountain ta Kalifoniya, inda pH ke sauka zuwa 1 har ƙasa da haka.

Na ɗauka cikin wannan baƙar fumfunar ma tsami ne. Ina! Cikin ƙwayar halittarta na tsayawa kusa da pH 7, don akwai famfo a fatarta da ke fitar da tsamin dare da rana, kamar mai kwarfar ruwa daga kwalekwale mai yoyo. Aikin na cin kuzari, ina kuma kyautata zaton yana cikin dalilan nawarta. Baƙin kuwa melanin ne, irin sinadarin da ke ba fatar mutum duhu, yana cafke ƙarfe tun a bangon ƙwayar. Wanda ya sulale ciki, sai wasu sunadarai su ɗaure shi, a kulle shi a ɗan rumbun da ke cikin ƙwayar.

Koriyar ma da na raina ba ta zo da wasa ba. Da na ƙara mata tagulla, sai ta zubo asid na ogzalik, ta mayar da gubar ƙananan duwatsu shuɗi-shuɗi a gefenta. Yanzu kowane faranti sai ya cika wata guda kafin in kai shi kwandon shara.